Amsa ga Malamin da Ya Ce Hadda Muke Yi a Kan Shakespeare

Malam, bayan gaisuwa.

Ka tambaye ni a bainar jama'a: ta yaya William Shakespeare na garin Stratford a Ingila, ɗan mai ɗinka safar hannu, wanda bai taka jami'a ba, zai rubuta wasannin da suka san sirrin fada? Ka ce Edward de Vere, basaraken Oxford, shi ne marubucin, mu kuwa masu koyar da adabi aku ne, abin da Bature ya faɗa muke maimaitawa. To, shi ma ra'ayin naka Bature ne ya ƙirƙiro shi, J. Thomas Looney, a 1920. Ashe kejinmu ɗaya.

De Vere ya mutu a 1604. Wasan The Tempest ya ɗebo daga labarin jirgin ruwan da ya tarwatse a Bamuda a 1609. Wasan Henry VIII kuwa, wanda aka rubuta tare da John Fletcher, sabon wasa ne lokacin da gobara ta cinye dandalin wasan kwaikwayo na Globe a Landan ana tsakar yin sa a 1613. Ko daga kabari basaraken yake aiko da rubutu? Tun a 1598 ma marubuci Francis Meres ya lissafa wasannin Shakespeare 12, ya kuma ambaci basaraken Oxford daban.

Duba wasiyyar mutumin Stratford ta 1616. Ya bar wa Heminges da Burbage da Condell, abokan wasansa, sule 26 da kwabo 8 kowanne su sayi zobe. Za ka ce tsakanin layuka aka saƙala wannan. Gaskiya ne, amma haka aka saƙala maganar gadon kwanciyar da ya bar wa matarsa, wadda kuke kafa hujja da ita kullum. Heminges da Condell ɗin nan su ne suka tattara wasanni 36 a kundin 1623, inda marubucin wasanni Ben Jonson ya danganta marubucin da kogin Avon da ya ratsa Stratford, mawaƙi Leonard Digges kuma ya ambaci abin tunawa da shi a Stratford.

Batun sa hannun Shakespeare guda shida masu bambancin haruffa bai kai a tsaya ba, zamanin babu tsayayyar ƙa'idar rubutu.

Na san musu yana tara 'yan kallo, Allah ya ƙara kasuwa. Abin da ke ci mini rai shi ne ƙashin bayan hujjarku: wai basira sai ɗan sarauta. Jonson a gidan magini ya tashi, bai yi jami'a ba, ba wanda ya ƙwace masa wasanninsa. Kawo takarda ɗaya tak ta zamanin da ta ce De Vere ne, sai mu zauna.

Wassalam.