Wasiƙa kan wutar da ido ba ya gani

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Wasiƙarka ta iso, kuma tambayar da ka jefo a ƙarshenta ta hana ni sakat: me zai sa a ɗauki mai a kai shi tashar sararin samaniya, a cinna masa wuta da gangan?

Ka dubi kyandir. Harshensa yana miƙewa sama ne saboda iskar da ta yi zafi takan tashi, mai sanyi ta shigo ta ƙasa ɗauke da oksijin. Can inda komai ke shawagi babu wannan tashi. Sai wutar ta dunƙule kamar ƙwallo, sau da yawa shuɗiya mai rauni, tana jiran oksijin ya iso mata sannu a hankali.

Tun 2009 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta fara gwajin da ake kira FLEX a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. A cikin akwati rufaffe ake sakin ɗigon heftan ko metanol (nau'o'in mai ne masu saurin kama wuta), ɗan mitsitsi, a kunna shi, a zuba ido a ga yadda zai mutu. Abin da ya fito a 2012 shi ne ya kama ni. Harshen wutar ɗigon heftan ya ɓace, kowa ya ɗauka ta mutu, amma ɗigon bai daina ƙanƙancewa ba, kamar wani abu na cin sa. Ashe ci take yi a ɓoye. Sanyayyar wuta suka ce da ita, ko da yake zafinta ya kai digiri ɗaruruwa, bai dai kama ƙafar na wutar da muka sani ba. Wallahi na daɗe ina juya wannan a raina. Mutum ya fesa abin kashe gobara, ya ga duhu, hankalinsa ya kwanta, alhali man yana nan yana ci.

Kada ka ɗauka tsoron banza ne. Ran 23 ga Fabrairun 1997 tukunyar samar da oksijin ta kama da wuta a tashar Mir ta Rasha, da mutum shida a ciki. Hayaƙi ya turnuƙe ko'ina, dole suka sa abin rufe fuska, kuma wutar ta tare hanyar zuwa ɗaya daga cikin kumbunan Soyuz biyu da za su tsere da su. Allah ya yi da sauran kwanansu.

Shi ya sa kashe gobara a can ke da nasa tsari. Hayaƙi ba ya taruwa a rufi, don haka bakin hanyoyin iska ake kafa na'urar gano shi. Da zarar ta yi ƙara, fankoki ake fara tsayarwa, domin 'yar iskar da suke kaɗawa ita ce abincin wutar. A tashar ƙasa da ƙasa, ɓangaren Amurka na da tukwanen iskar kabon dayoksaid da na feshin ruwa mai laushi, na Rasha kuma kumfa. Kuma duk abin da aka fesa, shi za a shaƙa daga baya, tunda babu tagar da za a buɗe.

A ganina kuɗin wannan gwaji bai tafi a banza ba. Masu shirin zuwa duniyar Mars za su yi watanni a hanya, ba su da wurin gudu.

Ka rubuto mini ra'ayinka. A gaida mutan gida.

Naka har kullum,
Amininka