Kafin ɗalibanmu su rubuta "a fito"

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mu yi magana da ƙannenmu ɗaliban unguwannin Zango na Ghana, musamman masu zafin alƙalami a WhatsApp da Facebook. Rubutun ƙin danniya ba baƙo ba ne a wurinmu. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙi da Hausa da Larabci kan zuwan Nasara. Abin da ke damunmu shi ne, da yawa cikin masu kiran a fito titi ba su taɓa karanta dokar da za a kama su da ita ba.

Sashe na 21 na tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ba kowa 'yancin taro da zanga-zanga, kuma tun 1993 Kotun Ƙoli ta soke sharaɗin neman izinin 'yan sanda. Yanzu sanarwa ake bayarwa. Dokar tsaron zaman lafiya ta 1994, mai lamba 491, ta ce a kai wa 'yan sanda takarda aƙalla kwana biyar kafin ranar, da sa hannun masu shiryawa, a faɗi wurin taro, irin taron, lokacin farawa, hanyar da za a bi, inda za a tsaya da lokacin tashi. A nan ake yawan tuntuɓe. Ɗalibi ya miƙa takarda ga kurtun da ke bakin kantar ofishin 'yan sanda ya juya, babu kwafi a hannunsa. Ranar fita a ce ba a ga komai ba. A yi kwafi biyu, a kai wa jami'in da ke riƙe da ofishin, a tsaya sai an buga hatimi da kwanan wata a kan na biyun.

Idan 'yan sanda suka nemi a ɗage ko a sauya hanya, akwai awa 48 na ba da amsa a rubuce. Aka ƙi, ko aka yi shiru, sai su nufi kotu. Umarnin kotu kuwa ba abin wasa ba ne, da lauya ake ƙalubalantarsa. Taƙaddama kan neman irin wannan umarni ce ta kai ga kama masu zanga-zanga 49 a Accra ranar 21 ga Satumba, 2023.

Mu a Kumasi mun ga yadda ƙorafi mai tushe ke lalacewa. Ranar 22 ga Oktoba, 2018, ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST suka fito kan yadda masu tsaron jami'a ke mu'amala da su. Kafin rana ta faɗi an farfasa motoci da gilasan ofisoshi, aka rufe jami'a, magana ta koma kan ɓarna. Doka kuma ta ɗora biyan diyyar kayan gwamnati kan masu shiryawa ko wanda aka samu da laifin. Saboda haka a naɗa masu kula da sahu sanye da riga mai launi ɗaya, gaba da baya da gefe, su fitar da duk wanda ya ɗauki dutse. A watse da sauran rana. Kada a manta Ejura, inda harsashin soja ya kashe mutum biyu a wurin zanga-zanga a Yunin 2021.

Takardar koke kada ta wuce shafi ɗaya: buƙatu uku ko huɗu, kowace da wa'adinta, kuma a san wanda zai karɓa tun kafin a taka. A guji rubuta "an kashe" ko "an sace" babu hujja, domin duk da an soke laifin ɓata suna a 2001, sashe na 208 na dokar laifuka kan yaɗa labarin ƙarya yana nan daram.

Wanda aka kama yana da haƙƙin a gaya masa dalili, ya ga lauya, a kuma kai shi kotu ko a sake shi cikin awa 48. Kada ya sa hannu a bayanin da bai karanta ba. Ya rubuta lambar lauya da ta wani babba na gida a damtsensa tun daga ɗaki, domin waya ce ake fara karɓewa.

Wassalam.

Wasu ɗaliban shari'a 'yan Zango,
Asawase, Kumasi