Amsa ga Alhajin da ya kira mu cima-zaune

Ranka ya daɗe,

Na ji tambayar da ka jefo mini a rediyo, har da ambaton sunana: wai me mu malaman motsa jiki muke tsinanawa, tunda Najeriya ta dawo daga gasar Olamfik ta Faris a 2024 ko tagulla ba ta samo ba. Ka ƙara da cewa mu cima-zaune ne, aikinmu hura usur da jiran albashi.

Batun Faris ba zai ɗauke mu lokaci ba. Ba malamin firamare ne ya kasa sa sunan 'yar tseren nan Favour Ofili a tseren mita 100 ba, jami'an wasanni ne. A Landan ma a 2012 hannu rabbana muka dawo, ban ji ka ce uffan ba. Wataƙila lokacin ba ka fara neman kujera ba.

Cima-zaunen nan ce ta tsaya mini a rai. A ina kake so mu tsaya, Alhaji? Filayen makarantun da muka koyar da gudu da tsalle da langa an yanka su, wasu an jera shaguna a bakinsu, wasu an cika su da azuzuwa. Makarantun kuɗi kuwa da yawa a gidan haya suke, tsakar gidan ko shanya ba ta isa ba. Darasin motsa jiki ya koma kan allo: yaro ya haddace faɗin filin ƙwallo ya ci jarrabawa, ƙafarsa ba ta taɓa taka ciyawa ba. Da yamma ya tafi gidan kallo ya biya kuɗi ya ga wasu suna gudu a Ingila. 'Yan mata kam ba a ma zancensu.

Ka tambayi iyayen unguwar da na yi aiki. Da aljihuna nake sayen ƙwallo da farar ƙasar zana layi, su ne shaidata.

Tun 1973 ake bikin wasanni na ƙasa, Kaduna ta karɓi baƙuncinsa a 1977 da 2009. An rushe ma'aikatar wasanni a 2024, an dawo da hukumar wasanni ta ƙasa. Suna ake ta canzawa a Abuja, sai gasa ta matso a kwashi yara a kai sansani, alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

Tunda tambaya a bainar jama'a kake so, ga tawa: makarantar da ka gina, wadda ake tallarta a rediyon nan, a ina filin wasanta yake? Ka faɗi ranar, zan zo da usur ɗina.

Naka,
Tsohon malamin motsa jiki