Ɗana ya kafa mini hujja da tarihin wani lauya ɗan ƙwallo

Assalamu alaikum Malam,

Ina rubuto maka wannan wasiƙa ne raina a ɓace, domin a makon jiya na ga hoton ɗana na fari a wayar mahaifiyarsa, sanye da hular kwano mai ragar ƙarfe a fuska, gwiwarsa kuma naɗe da bandeji. Karatu na tura yaron nan Amurka don ya zama lauya, bayan na sayar da gonar da na gada wajen mahaifina, wadda yayyena har yau suke yi mini gori a kanta. Ashe ya shiga ƙungiyar ƙwallon jami'arsu, irin tasu ta can da ake rungume ƙwallo ana bangazar juna.

Kawunsa, ƙanin matata da yake zaune can, shi ne ya hure masa kunne, kuma mutumin nan tun ranar da aka ɗaura aurenmu bai taɓa ganina da gashi ba.

Da na kira yaron, maimakon ya ba ni haƙuri, sai ya kawo mini tarihin William Henry Lewis, wanda aka haifa a jihar Virginia a 1868, ɗan bayin da aka 'yanta. Ya ce mutumin ya zama kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallo a kwalejin Amherst, ya karanta shari'a a Harvard, a 1892 ya zama baƙar fata na farko cikin zaɓaɓɓun 'yan wasan jami'o'in ƙasar, ya horar da 'yan wasan Harvard daga 1895 zuwa 1906, daga baya Shugaba Taft ya naɗa shi mataimakin babban lauyan gwamnati. Na bincika, duk gaskiya ne. Amma Lewis ai ya kammala karatunsa, kuma takardar lauya ce ta kai shi ofis. Duk da haka ma a 1912 sai da ƙungiyar lauyoyin Amurka ta nemi korarsa daga cikinta saboda launin fatarsa. Yaron bai faɗa mini cewa a 1905 mace-mace sun yi yawa a wasan har Shugaba Roosevelt ya kira wakilan jami'o'in Harvard da Yale da Princeton fadarsa ba. Wannan kawun nasa ya ɓoye masa, na tabbata.

Yaron yana cewa wasan zai rage mini kuɗin makaranta, alhali ban taɓa yi masa kukan kuɗi ba, ko da yake gonar nan ita kaɗai ce gare ni. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mahaifiyarsa ta daɗe da sani, muna ci a kwano ɗaya, ba ta ce mini uffan ba.

Da farko na yi niyyar tambayarka ko in daina aika masa kuɗi har sai ya ajiye hular. Amma Malam, yaya zan yi da matar da ta haɗa baki da ƙaninta a kan ɗana? In kai maganar gaban mahaifinta ne, ko in jira yaron ya zo hutu?

Wassalam,
Wani uba daga Kano