Zazzaɓin aladu: irin da ya shigo mana daban ne

Ranka ya daɗe Edita,

Na san galibin masu karanta jaridar nan ba ruwansu da alade, wasu ko sunansa ba sa son ji. Amma a kudancin Kaduna da Filato da Binuwai akwai gidajen da da kuɗin alade ake biyan makaranta da asibiti, shi ya sa nake roƙon ku ba maganar nan fili.

Zazzaɓin aladu na Afirka tsohon ciwo ne, tun 1921 aka fara bayaninsa a Kenya. A daji yana zaune a jikin gadu da wata kaska ba tare da ya kashe su ba, kuma ba ya kama mutum. Alade na gida kuwa, da ka ga ya ƙi cin dusa, kunne da ciki sun yi ja, cikin 'yan makonni garke na iya tafiya.

Abin da rahotanni ke tsallakewa shi ne ƙwayar cutar ba iri ɗaya ba ce, masana sun ƙirga iri 24. Na ɗaya shi ne wanda ya ɓarke mana a 1997 ta wajen iyakar Jamhuriyar Benin. Na biyu ya bar Afirka ya sauka ƙasar Jojiya a 2007, ana kyautata zaton ta ragowar abincin jirgin ruwa, ya ratsa Rasha, ya kai Sin a 2018, Jamus a 2020. A 2020 ɗin nan da aladu suka yi ta mutuwa a gonar Oke-Aro kusa da Legas, gwaji ya nuna na biyun ne.

Ke nan iri biyu muke fama da su. Rigakafin da Vietnam ta amince da shi a 2023 daga na biyu aka haɗa shi, ba tabbas zai tare na ɗaya. Duk wanda ya zo wa makiyayi da kwalba ya ce maganin zazzaɓin ne, a tambaye shi na wane iri ne.

Kuma cutar nan ba ta da ƙafa, mu ne ƙafarta. Tana watanni a cikin nama, tana bin takalmi da tayar mota. Mai kiwo da ya ga biyu sun mutu, ya san ba diyya, sai ya kwashi sauran zuwa kasuwar aladu ta Katsit da ke Kafanchan ya karyar, mota ta yi kudu da su. Ni ban ga laifinsa sosai ba.

Ku tura wakilinku cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke jihar Filato ya tambayo wane iri ne ke yawo a kowace jiha, sannan ya tambayi gwamnati batun diyya.

Naku,
Wani mai karatu daga Kafanchan