Sanarwa kan matsalar wutar mota

Salamu alaikum ƴan uwa, masu tsofaffin motocin iyali irin su Picnic da Previa, tun da zafin Afrilu ya shigo Tawa kullum sai wani ya rubuto mota ta ƙi tashi, to kafin ku nufi garaji ku duba a gida.

Ku fara da kan batir, in kun ga farin gari ya taru ku kwance waya mai alamar (-) tukuna, ku wanke da bikarbonat ku ɗaure tamau. Mai miltimeta (na'urar auna wuta) ya auna batir, mota a kashe volt 12.6 ne lafiyayye, in tana aiki kusan 14, in bai wuce 12 da ɗoriya ba alternata (mai yi wa batir caji) ce ba ta caji ko bel ya saki. Wayar mas (wadda ke haɗa (-) na batir da jikin mota) ma ku duba ta, ni tawa tsatsa ce kawai ta sa na sayi sabon batir a banza wallahi.

Fizibil (fis ɗin da ke kare wayoyin mota) in ya ƙone a sa mai lamba irin tasa, don Allah ban da naɗa waya, haka mota ke kama wuta. In batir na mutuwa cikin dare ku leƙa fitilar ciki, in ƙofar ja ba ta rufu daidai ba fitilar na kwana a kunne.