Kujerar sallar Hajiya da kuɗin kaya a jirgin arha

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Dan Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da ya same ni a filin jirgi, wanda na tabbata zai iya samun duk wani ɗan uwanmu da ke tafiya da tsoho ko tsohuwa, musamman yanzu da mutanenmu suka fara gane jiragen nan masu arha, wasu a Turai wasu kuma wajen zuwa umara.

Ni mazaunin Manchester ne a Ingila. Mahaifiyata ta zo mana wankan jego, to da aka yi arba'in sai na ce kafin ta koma bari in kai ta Andalus can ƙasar Sifen ta ga masallacin Kurɗuba da fadar Alhambra a Granada, don tun muna yara take jin malamai na ambaton wuraren nan a wa'azi, yadda aka fara gina masallacin a shekarar 785 da yadda Granada ta fita hannun Musulmi a 1492. Dama tun daga gida ta yo bizar. Na duba intanet na ga tikiti zuwa Malaga da arha har na yi mamaki, kuɗin bai kai na jirgin ƙasa zuwa Landan ba, na saya mana mu duka, na ƙara kuɗin akwati guda ɗaya mai kilo 20.

Hajiya tana da ciwon gwiwa, shekara da shekaru a zaune take sallah, kuma ba ta iya doguwar tsayuwa. Sai na je na sayo kujeru biyu masu naɗewa irin waɗanda turawa ke tafiya da su kwanan daji ko bakin teku, masu ƙafafun ƙarfe da yadi, ka naɗe ka zura cikin 'yar jakarta ka rataya a kafaɗa. Ɗaya tata ɗaya ta maijego. Fam 12 kowacce. Da na zo haɗa kaya suka ƙi shiga akwati saboda tsawo, don in an naɗe irin wannan kujera tana haura santimita 80, na ce ai ba komai abun da bai fi kilo biyu da ɗan wani abu ba, na rataya kawai.

Mun wuce wajen bincike lafiya ba wanda ya ce mana uffan. Sai da muka zo ƙofar shiga jirgi, an fara kiran layi, yarinyar da ke duba takardu ta kalli kafaɗata ta ce waɗannan fa? Na ce kujerar mahaifiyata ce ba ta iya tsayuwa. Ta nuna min wani ɗan keji na ƙarfe da suke auna jaka da shi ta ce in saka a ciki, to ina kujera za ta shiga nan. Ta ce kowacce kaya ce mai zaman kanta, ko in biya a saka su a cikin jirgi ta ƙasa ko in bar su nan. Kuɗin da ta faɗa na guda ɗaya ya kusa ninka kuɗin kujerar sau biyar, na biyun in ka haɗa ya fi tikitin mutum ɗaya zuwa da dawowa. Ba zan kira sunan kamfanin ba, don ba su kaɗai ke yi ba.

Abun da ya fi ƙona min rai ba kuɗin ba ne wallahi. Hajiya ba ta jin turanci amma ta ga fuskata, ta ga mutane sun yi layi a bayanmu suna kallo, jariri na kuka, sai ta ja rigata ta ce "ɗan nan bar musu, na yi sallata a bakin gado." Tsohuwa ta fara jin kamar ita ce ta jawo min asara. Na ciro kati na biya na guda ɗaya, ɗayar muka jingine ta nan jikin bango muka shige.

Yarinyar nan ban ga laifinta ba, aiki aka sa ta, kuma da na koma na karanta ƙa'idojin da na danna na amince ba tare da na buɗe ba, komai yana rubuce. Amma Edita akwai rubutun da aka yi don a karanta, akwai wanda aka yi don in rigima ta tashi a ce ai mun rubuta. Farashin tikiti suna sa shi da manyan lambobi a gaba, maganar kaya kuma sai ka wuce shafi uku huɗu. Mu a tasha mun san kuɗin kaya, ba baƙon abu ba ne, in za ka Zariya daga Kano da buhun masara ɗan kamasho zai ce ga kuɗinka ga kuɗin buhu, amma tun kafin ka shiga mota zai faɗa, ku yi ciniki ido da ido, in bai yi maka ba ka ɗauki buhunka ka nemi wata motar. A ƙofar jirgi babu ciniki, saura minti kaɗan a rufe ƙofa, iyalinka na tsaye, sun san dole ka biya, shi ya sa kuɗin ƙofa ya fi na intanet tsada nesa ba kusa ba.

Kuma wannan abu bai daɗe ba fa. A da kaya cikin kuɗin tikiti yake. A Amurka, a 2008 ne lokacin da mai ya yi tsada kamfanin American Airlines ya fara karɓar dala 15 kan akwatin farko, sauran suka bi sahu, a 2010 kamfanin Spirit na Amurka ya fara cajin har jakar hannu da ake sawa a saman kai. Mai ya sauka daga baya amma kuɗin kaya bai sauka ba. A 2023 kaɗai jiragen Amurka sun tara sama da dala biliyan 7 daga kuɗin kaya. Har Southwest da aka san shi shekaru da barin akwati biyu kyauta ya daina a watan Mayun 2025. Wato tikitin arhan nan tarko ne na jawo ka ciki, ribar tana kan akwati da zaɓen kujera da abinci da shiga da wuri.

Su kansu turawan ba su yi shiru ba. Tun 2014 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa kamfani na iya cajin akwatin da ake sawa a ƙasan jirgi amma jakar hannu madaidaiciya abu ce da matafiyi ba zai iya tafiya ba tare da ita ba, bai kamata a caje ta ba. A watan Nuwamban 2024 gwamnatin Sifen ta ci tarar kamfanoni biyar yuro miliyan 179, Ryanair da Vueling da easyJet da Norwegian da Volotea, kan cajin jakar hannu da cajin iyaye don su zauna kusa da 'ya'yansu da makamantan haka, kamfanonin suka garzaya kotu. A watan Yunin 2025 kuma kwamitin sufuri na majalisar Turai ya goyi bayan a bar kowa ya shiga da jaka mai kilo 7 kyauta bayan 'yar ƙaramar da ake sawa ƙarƙashin kujera. To ko duk wannan ya tabbata kujerar Hajiya ba za ta tsira ba, don matsalarta tsawo ne ba nauyi ba, jakar hannu yawanci santimita 55 ce iyakarta.

Nan ne nake ganin akwai rashin adalci. Akwai dokar Turai ta 2006, wadda Ingila ma take aiki da irinta, da ta ce duk mai lalurar tafiya dole kamfani ya ɗaukar masa kayan taimakon tafiya har guda biyu kyauta, kamar keken guragu ko sandunan dogarawa, kuma filin jirgi ya ba shi mai tura shi har bakin jirgi ba ko kwabo, in dai an sanar da su awa 48 kafin tashi. Ni ban san da wannan ba sai daga baya, kuma na tabbata da yawa daga cikin mutanenmu ba su sani ba, muna ta jan iyayenmu suna ɗingishi a dogayen barandun filin jirgi alhali haƙƙinsu ne a tura su. Amma kujera mai naɗewa a idonsu kayan shaƙatawa ce ta masu zuwa bakin ruwa. A wajen tsohuwar da ke sallah sau biyar a zaune, wadda in ta yi tafiyar minti goma sai ta huta, wannan kujerar ƙafarta ce. Ya kamata in mutum ya sanar da lalurarsa a lissafa ta cikin kayan taimako.

Da muka isa Malaga na ga irin kujerar a shagon Decathlon da kuɗi kusan ɗaya da yadda na saya, wato da na bar su duka a gida na saya can da ban yi asarar komai ba sai kuɗin kujera. Na kuma ga wasu ƙanana masu sandunan alminiyam da ake warwarewa kamar na tanti, in an naɗe ba su fi tsawon kamu ɗaya ba, suna shiga jakar goyo, sai dai sun yi ƙasa da yawa, mai ciwon gwiwa in ya zauna tashi sai an kama shi, don haka ba kowane tsoho za su yi wa ba. Ranar da za mu dawo na ce ba zan sake biya ba, Hajiya kuma ta ce ba za a jefar da abu mai kyau ba almubazzaranci ne, sai ta ba wani bawan Allah ɗan Senegal da ke tallar tabarau a bakin teku, yini yake a tsaye cikin rana, ya yi ta sa mata albarka.

Dalilin da ya sa na rubuto wa jaridarku maimakon in haɗiye abuna shi ne masu umara. Mu mun saba in za ka fita waje daga Kano ko Abuja ana ba ka akwati biyu kilo 23 kowanne, har 'yan uwa su cika maka da saƙon kuka da daddawa da yaji, to mutum ya ɗauka kowane jirgi haka yake. Yanzu kuwa akwai irin su flynas da flyadeal da Air Arabia a ƙasashen Larabawa, tsarin arha suke bi, kuma tikiti mafi arha sau da yawa jakar hannu mai kilo 7 ce kawai a ciki. Ejan zai haɗa wa tsohuwa tikiti guntu-guntu don farashi ya sauko, ba zai gaya mata cewa ɓangare ɗaya ba kaya a ciki ba, ta taho da kujerar sallarta da dabino da tsarabar jikoki, ta tsaya gaban kanta ba Larabci ba turanci, guzuri ya ƙare. Wa zai biya mata?

Don haka roƙona ga ejan-ejan masu sayar da tikiti su ji tsoron Allah su riƙa rubuta wa mutum da Hausa kilo nawa ne, jaka nawa ce, tsawon nawa, a kowane jirgin da zai hau. Wanda kuma ke saya wa iyayensa da kansa ya ɗauko tef ya auna kujerar a naɗe tun a gida, in ba ta shiga akwati ya biya mata a intanet tun da wuri ko ya bari a saya can, sannan ya nemi taimakon mai lalura kwana biyu kafin tafiya. Kai kuma Edita dan Allah ka tura wakilinku ya zaga ofisoshin ejan a Kano da Kaduna kafin umarar azumi ya tambaye su me suke gaya wa tsofaffi game da kaya, ku buga mana amsar da suka bayar.

Naku mai karatu,
daga Manchester, Ingila